Ƙofar da Ake Rufewa Tun Kafin Ranar Jarrabawa: Ƙananan Sakandare da Rabon Gurbi a Fitattun Makarantun New York

A watan Maris na shekarar 2019 hukumar ilimi ta birnin New York ta fitar da sakamakon ɗaukar ɗalibai a makarantun sakandare na musamman, sai aka ga cewa cikin yara 895 da makarantar Stuyvesant ta ba gurbi, bakwai ne kacal baƙar fata. Wannan kuwa ya faru ne a birnin da yara baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka suka kai kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban makarantun gwamnati. Idan aka haɗa makarantu takwas da ke ɗauka ta jarrabawa ɗaya, rabon waɗannan al'ummomi biyu bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma haka abin yake maimaituwa shekara da shekaru da ɗan bambanci kaɗan. Duk lokacin da alƙaluman suka fito sai muhawara ta kaure a kan jarrabawar, wasu na neman a soke ta, wasu na rantsuwa cewa ita kaɗai ce ma'aunin da ba ya duba fuska. A ganina, ɓangarorin biyu sun zuba wa rana ɗaya ido fiye da kima, domin mafi yawan abin da ake gani a takardar sakamakon an riga an yanke shi shekaru uku ko huɗu kafin nan, lokacin da ake raba yara zuwa ƙananan sakandare.

A tsarin birnin, yaro kan yi firamare har aji 5, ya shiga ƙaramar sakandare daga aji 6 zuwa aji 8, sannan babbar sakandare daga aji 9 zuwa aji 12. Makarantun da ake kira na musamman guda tara ne, dukansu na gwamnati, ba a biyan ko sisi. Ɗaya daga cikinsu, LaGuardia, tana ɗauka ne ta gwajin fasahar kiɗa da zane da wasan kwaikwayo. Sauran takwas ɗin jarrabawar SHSAT kaɗai suke dubawa, wadda ake yi a farkon aji 8, ta tsawon awa uku, rabi Turanci rabi lissafi. Ba a duba makin aji, ba a neman shaidar malami, ba a ganawa da yaro. Yara fiye da dubu ashirin da biyar ne ke zama a kowace shekara, gurbin kuma tsakanin dubu huɗu ne da dubu biyar. Uku daga cikin makarantun tsofaffi ne masu suna: Stuyvesant da aka kafa a 1904, Brooklyn Tech a 1922, da Bronx Science a 1938. A shekarar 1971, bayan shugaban hukumar ilimi na lokacin, Harvey Scribner, ya nemi a bincika ko jarrabawar na danne wasu al'ummomi, majalisar dokokin jihar da ke Albany ta yi dokar Hecht-Calandra, wadda ta ɗaure tsofaffin makarantun da jarrabawa. Tun daga lokacin magajin gari ba shi da ikon sauya hanyar shigarsu shi kaɗai.

Masu kare jarrabawar suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Jarrabawa ɗaya ce ga kowa, injin da ke duba ta bai san sunan uban yaro ba, ɗan direban tasi zai iya kayar da ɗan lauya. Sai dai idan aka bi sawun waɗanda suka ci, aka tambayi daga ina suka fito, sai a tarar da wani abu da jarrabawar ba ta bayyana shi. Masu bincike biyu na Jami'ar New York, Sean Corcoran da Christine Baker-Smith, sun bi bayanan ɗalibai daga 2005 zuwa 2013, suka gano cewa kusan rabin guraben suna tafiya ne ga yaran da suka fito daga kimanin kashi 5 cikin 100 na ƙananan sakandaren gwamnati. A 2018 ofishin magajin gari ya faɗi abu makamancin haka, cewa makarantu 21 daga cikin kusan 600 ne ke kwashe rabin guraben. A ɗaya gefen kuma akwai makarantu masu ɗimbin yawa, musamman a kudancin Bronx da tsakiyar Brooklyn, biyu daga cikin manyan sassan birnin, da shekara kan zagayo ba su tura ko yaro ɗaya ba. Sunayen makarantun da ke kan gaba ba ɓoyayyu ba ne ga iyayen da suka san gari: Christa McAuliffe da Mark Twain a Brooklyn, Booker T. Washington da Anderson da NEST+m a Manhattan. Abin da ya haɗa akasarinsu shi ne su ma ba kowa suke ɗauka ba, sai wanda suka tantance.

A nan ne maganar zaɓi ta shigo. An raba birnin gunduma 32 ta fuskar makarantu, kuma a yawancin gundumomin iyaye kan jera ƙananan sakandaren da suke so bisa fifiko tun yaro yana aji 5. A takarda wannan 'yanci ne, domin ba a tilasta wa kowa makarantar unguwarsu. A aikace kuwa, kafin annobar korona kusan makarantu 200, wato kimanin kashi 40 cikin 100, su ne ke zaɓen yaro bayan shi ya zaɓe su. A lokacin suna duba makin da ya samu a aji 4, da sakamakon jarrabawar jiha, da yawan fashi da makara, wasu har da ganawa ko wani gwaji nasu na daban. Ma'ana, abin da yaro ya yi yana ɗan shekara tara shi ke yanke inda zai zauna shekara uku masu zuwa. Ka ɗauki batun fashi da makara kaɗai. Ɗan shekara tara ba shi ke kai kansa makaranta ba. Idan uwarsa aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi, ko iyalin suna zaune a matsugunin marasa gida da ke nesa da makarantar, ko ciwon asma yana kwantar da shi, kamar yadda ya yawaita a kudancin Bronx, to duk wannan zai fito a rajista a matsayin laifin yaron, makarantar da ke tantancewa kuma ta rage masa maki a kai.

Bayan ma'aunin da aka rubuta, akwai wanda ba a rubuta ba, wato sani da lokaci. Kowace makaranta da nata sharuɗɗan, wasu ma ba su bayyana yadda suke auna su ba. Akwai ranakun ziyarar makaranta da kan faɗo a lokacin aiki, akwai rajistar da ake yi ta intanet ta cika cikin ɗan lokaci, akwai dabarar jera sunaye da sai wanda ya taɓa yi ko yake da maƙwabcin da ya taɓa yi ne ya san ta. Iyaye masu hali har masu ba da shawara suke ɗauka da kuɗi don su bi musu wannan hanya. Mahaifin da ke tuƙi awa goma sha biyu a rana, wanda Turancinsa na ciniki ne ba na cike takardu ba, yakan rubuta makarantar da ta fi kusa da gida, domin ita ya sani kuma ita ce ba za ta sa yaro hawan jirgin ƙasa shi kaɗai ba. Ba za a ce bai damu da karatun ɗansa ba. An ba shi zaɓi ne ba tare da an ba shi abin da ake yin zaɓin da shi ba. Wannan ya shafi Hausawa kai tsaye, domin a Bronx da Harlem akwai iyalai da yawa daga Gana da Nijar da Najeriya, kuma gundumomin da suke zaune na cikin waɗanda ba su cika tura yara makarantun na musamman ba. Iyali na iya shafe shekaru a birnin ba su ji sunan jarrabawar ba sai ana saura 'yan makonni a yi ta.

Sannan gundumar kanta ba zaɓi ba ce ga mafi yawan mutane, kuɗin haya ne ke zaɓa musu. Da yake yawancin ƙananan sakandare suna fifita yaran gundumarsu, yaron da ke gunduma ta 2 a Manhattan ko ta 20 a Brooklyn ko ta 26 a Queens yana da jerin makarantu masu ƙarfi a gabansa, wanda ke gunduma ta 7 ko ta 9 a Bronx kuwa jerinsa daban ne. Wani rahoto da cibiyar nazarin haƙƙin jama'a ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta fitar a 2014 ya nuna cewa jihar New York ce ta fi kowace jiha a Amurka rarrabuwar makarantu bisa launin fata, kuma birnin ne ya ja ta zuwa wannan matsayi. Ko a cikin makarantun gwamnati da ake ce wa kyauta, ƙungiyar iyaye a wasu unguwannin masu kuɗi takan tara fiye da dala miliyan ɗaya a shekara don ƙarin malamai da darussa, alhali wata makarantar da ba ta fi tafiyar 'yan mintoci ba ba ta iya tara abin kirki.

Idan aka ƙara ja baya, sai a ga tantancewar ta fara tun kafin firamare. A 2008, zamanin magajin gari Michael Bloomberg da shugaban hukumar ilimi Joel Klein, aka mayar da shiga ajin masu hazaƙa bisa gwaji ɗaya ga duk birnin, wanda ake yi wa yara 'yan shekara huɗu. An yi haka ne da sunan adalci, don a daina barin kowace gunduma da nata ma'aunin. Abin da ya biyo baya shi ne a gundumomin talakawa ba a samu isassun yaran da suka kai makin ba, sai aka riƙa rufe ajujuwan, har ta kai gundumomi huɗu, ta 7 da ta 12 a Bronx da ta 16 da ta 23 a Brooklyn, ba su da ko ɗaya na wani lokaci. A unguwannin masu hali kuwa an riƙa biya a horar da ɗan shekara huɗu yadda zai amsa tambayoyin. A lokacin, kusan kashi uku cikin huɗu na yaran waɗannan ajujuwa farar fata ne da 'yan asalin Asiya. Yaron da ya shiga wannan layi yana samun karatu mai sauri a firamare, makinsa na aji 4 ya yi kyau, ƙaramar sakandare mai tantancewa ta ɗauke shi, can kuma ya tarar da abokan da kowa a cikinsu ke shirin SHSAT. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. An daina gwajin 'yan shekara huɗun a 2021, magajin gari Bill de Blasio ya yi shelar rushe shirin baki ɗaya, amma wanda ya gaje shi, Eric Adams, ya riƙe shi a 2022 ya kuma faɗaɗa shi, aka koma ga shawarar malamai da ƙuri'ar sa'a.

Akwai tambaya mai wuya da ta kamata a tsaya a kanta, domin a kanta ne kowane gyara zai dogara. Shin waɗannan makarantu ashirin da wani abu su ne ke ƙera yaran da ke cin jarrabawar, ko kuwa tattara yaran da dama za su ci suke yi? Binciken Corcoran da Baker-Smith ya nuna cewa kaso mafi girma na taruwar guraben a makarantu kaɗan ya samo asali ne daga tattarawar, wato yaran sun shiga aji 6 da makinsu a sama. Masu adawa da taɓa tsarin sukan tsaya a nan, su ce ka gani, ba laifin makarantun ba ne, bambancin ya riga ya kasance. Amma binciken bai tsaya a nan ba. Ya gano cewa makarantar da yaro yake tana da nata tasirin a kan ko zai zauna jarrabawar da kuma ko zai ci, kuma idan aka ɗauki yara biyu masu maki ɗaya a jarrabawar jiha, baƙar fata da ɗan asalin Latin Amurka da ɗan talaka da yarinya mace duk ba su kai takwarorinsu samun gurbi ba. Wannan ragowar bambanci ba za a jingina shi ga hazaƙa ba, tunda an riga an daidaita makin. Abin da ya rage a bayyana shi da shi shi ne shiri: wa aka gaya wa da wuri, wa aka koya wa irin tambayoyin, wa ya zauna a ajin da ya yi nisa a lissafi.

Tattarawar ma ba abu ne marar illa ba. Idan aka tsame yara mafiya ƙoƙari daga makarantun unguwa aka tara su wuri guda, makarantar da aka bari takan rasa adadin yaran da za su cika ajin lissafi mai zurfi, sai shugabanta ya ga babu dalilin buɗe shi. Yaro mai ƙwaƙwalwa da bai samu fita ba, don mahaifinsa bai san hanya ba ko don ya yi fashi da yawa a aji 4, sai ya zauna shekara uku ana maimaita masa abin da ya riga ya sani, malamin kuma hankalinsa na kan waɗanda ke baya, kuma ba za a zarge shi ba. Tun a 2015 gwamnatin birnin ta amsa cewa ba kowace ƙaramar sakandare ce ke koyar da aljabara a aji 8 ba, har ta yi alƙawarin kai shi ko'ina. Jarrabawar da ake yi a farkon aji 8 tana fifita wanda ya riga ya wuce manhajar ajinsa, kuma wucewar ba ta samuwa sai an buɗe wa yaro hanya, a makaranta ko a wajenta.

Tarihin Brooklyn Tech ya ƙarfafa mini wannan ra'ayi. A shekarun 1980 fiye da rabin ɗalibanta baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, kuma ta jarrabawa suka shiga, ƙarƙashin dokar nan ta 1971. A tsakiyar shekarun 1970 baƙar fata sun haura kashi 10 cikin 100 a Stuyvesant, yau kuwa suna wajen kashi ɗaya ko biyu. A wancan zamani ƙananan sakandaren unguwanni, har na Harlem da Bedford-Stuyvesant, suna da ajin masu saurin fahimta da ake kira SP, inda malami kan hango yaro mai ƙoƙari ya tura shi gaba ba tare da iyayensa sun cike wata takarda ba. An yi ta janye waɗannan ajujuwa saboda ƙarancin kuɗi da kuma ra'ayin cewa raba yara bisa ƙoƙari a cikin makaranta ɗaya wariya ce. Niyyar mai kyau ce, amma rabuwar ba ta ɓace ba, ta tashi ne daga tsakanin aji da aji ta koma tsakanin makaranta da makaranta, inda sai mai sani da hali ke iya bin ta. Ba wannan ne kaɗai dalili ba, domin a daidai lokacin gasar ta ƙaru sosai da zuwan baƙi daga Asiya bayan dokar shige da fice ta 1965, ga kuma bunƙasar makarantun lesin. Duk da haka tarihin ya isa ya rushe zancen da ake raɗawa cewa wasu al'ummomi ba sa iya wannan jarrabawa.

Maganar 'yan asalin Asiya na bukatar a yi ta da gaskiya, domin su ne ke samun fiye da rabin guraben alhali ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na ɗaliban birnin ba. Kuskure ne a ɗauka masu kuɗi ne. Da yawansu 'ya'yan masu aiki a gidajen abinci ne da shagunan wanki da tuƙin tasi, daga Sin da Bangladesh da Koriya da Pakistan, kuma kusan rabin ɗaliban makarantun na musamman daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi suke. Abin da waɗannan al'ummomi suka gina a Flushing da Sunset Park da Jackson Heights shi ne hanyar labari da shiri: jaridu da harshensu da ke buga ranar jarrabawa, makarantun lesin a saman shaguna, iyayen da ke tsuke bakin aljihu su biya darasin Asabar tun yaro yana aji 5 ko 6. Sun toshe gurbin da gwamnati ta bari da guminsu, kuma ba abin zargi ba ne. Abin tambaya shi ne me ya sa shiga makarantar gwamnati zai dogara da shirin da gwamnati ba ta bayarwa a aji. Birnin yana da shirin horarwa na kyauta mai suna DREAM, amma yaran da yake ɗauka kaɗan ne idan aka kwatanta da masu bukata.

A watan Yunin 2018 de Blasio da shugaban hukumar ilimi Richard Carranza suka kawo shawarar da ta ɗora komai a kan ƙaramar sakandare: a janye jarrabawar sannu a hankali, a ba yaran da ke cikin kashi 7 cikin 100 na sama a kowace makaranta gurbi. Lissafin ya yi daidai da abin da Corcoran da Baker-Smith suka gano, domin sun gwada wasu hanyoyin a kan bayanan ɗalibai, kamar amfani da makin aji da jarrabawar jiha, suka ga hakan zai ƙara yawan 'yan mata da 'yan asalin Latin Amurka da farar fata amma ba zai ƙara baƙar fata da 'ya'yan talakawa yadda za a ji ba. Rabo bisa makaranta ne kaɗai ke sauya fuskar ajin sosai, kuma dalilin yin tasirinsa shi ne ƙananan sakandaren sun riga sun rabu bisa launi. Wato maganin yana aiki ne gwargwadon yadda cutar ta yi tsanani. Iyalan Asiya, waɗanda ba a yi shawara da su ba kafin shelar, suka fito zanga-zanga, ƙudurin kuma ya mutu a Albany. Abin da magajin garin ya iya yi da ikonsa shi ne faɗaɗa shirin Discovery, wanda ke ba yaran da suka gaza makin da kaɗan gurbi bayan karatun bazara, zuwa kashi 20 cikin 100 na kujerun, tare da taƙaita shi ga makarantun da ma'aunin talaucinsu ya kai 60 cikin 100. Ƙungiyar iyayen Christa McAuliffe ta kai ƙara kotu a ƙarshen 2018, domin makarantarsu cike take da 'ya'yan talakawa 'yan Asiya amma ma'auninta ya ɗan gaza, sai ɗan talakan da ke cikinta ya rasa damar saboda makarantar da ya shiga. Ina ganin kukansu yana da tushe, ko da mutum yana goyon bayan manufar shirin.

Wasu wuraren sun gwada nasu. Makarantar Thomas Jefferson da ke gundumar Fairfax a jihar Virginia ta soke jarrabawarta a 2020 ta ware wa kowace ƙaramar sakandare kashi 1.5 cikin 100 na yaran ajin ƙarshe, rabon 'yan Asiya ya sauko daga kimanin kashi 73 zuwa 54, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta ƙi sauraren ƙarar da aka kai a Fabrairun 2024. Chicago ta riƙe jarrabawa, amma kashi 30 cikin 100 na kujerun ne kawai ke tafiya bisa maki zalla, sauran ana raba su tsakanin rukuni huɗu na unguwanni gwargwadon halin rayuwarsu. Mai karatu a Najeriya zai gane wannan muhawara, domin ita ce ake yi a kan makin shiga makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya da ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Kowace hanya da inda take yoyo. A Texas, inda tun 1997 ake ba kashi 10 na saman kowace sakandare gurbin jami'ar jiha, bincike ya nuna wasu iyalai na sauya wa yaro makaranta zuwa mai sauƙin gasa don ya fito a sama. A Chicago kuma mai kuɗin da ke zaune a unguwar talakawa yana cin gajiyar da ba don shi aka yi ba.

Gyaran da ya fi jan hankalina shi ne wanda ya taɓa ƙofar aji 6 kanta. A 2018 gunduma ta 15 a Brooklyn, wadda ta haɗa unguwar masu hali ta Park Slope da Sunset Park da Red Hook, ta soke tantancewa a dukan ƙananan sakandarenta bayan doguwar tattaunawa da iyaye, ta koma ƙuri'ar sa'a, tare da fifita 'ya'yan talakawa da masu koyon Turanci da marasa matsuguni a kashi 52 cikin 100 na kujerun kowace makaranta. Makarantun sun ƙara gauraya. A Disamban 2020 annoba ta sa aka dakatar da tantancewar a duk birnin, tunda babu makin jarrabawar jiha da za a duba. A 2022 shugaban hukumar ilimi David Banks ya bar wa shugabannin gundumomi su yanke da kansu, sai kusan makarantu 60 suka koma tantancewa, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na adadin da. Sai dai soke tantancewa rabin aiki ne. Idan aka gauraya yaran amma aka bar manhajar a matakin tsakiya, iyaye masu hali za su sayi abin da ya ɓace a makarantar lesin ko su fice zuwa makarantun kuɗi, yaron Red Hook mai ƙwaƙwalwa kuma ya tashi da sabbin abokan zama ba tare da sabon lissafi ba.

Akwai wani binciken da ya kamata ya rage zafin faɗan, ko da yake bai rage ba. Masana tattalin arziki Atila Abdulkadiroğlu da Joshua Angrist da Parag Pathak sun kwatanta yaran da suka ci makin shiga da ƙyar da waɗanda suka faɗi da kaɗan a New York da Boston, a wani aiki da aka buga a 2014, suka ga bambancin sakamakonsu daga baya ƙanƙani ne ƙwarai. Will Dobbie da Roland Fryer sun samu kusan haka game da shiga jami'a da kammala ta. Wannan bai sa na ɗauki batun da sauƙi ba. Yaran da ke bakin makin galibi suna da wata makaranta mai kyau da za su faɗa idan sun rasa, don haka binciken bai ce komai ba game da yaron da tun farko ba a kai shi kusa da makin ba. Kuma makarantun da suka yaye masu lambar Nobel da alƙalai da manyan jami'an gwamnati suna ba da abin da maki ba ya aunawa, wato abokai da suna da ƙofofin da ke buɗewa daga baya.

Soke jarrabawar na bukatar amincewar Albany, aƙalla ga tsofaffin makarantu uku, kuma fiye da shekara hamsin ke nan ba a samu ba. Abubuwan da ke gabanta kuwa suna hannun birnin. Hukumar ilimi na iya tabbatar da cewa kowace ƙaramar sakandare a gunduma ta 7 da ta 9 da ta 12 da ta 23 tana da ajin lissafi mai sauri tun daga aji 6, da ƙwararren malami, ko da yara goma sha biyu ne za su fara, kuma a sa yaro a ciki bisa abin da malamansa suka gani da makinsa, ba tare da an jira iyaye sun nema ba. Tana iya sanar da kowane gida labarin jarrabawar tun yaro yana aji 5, da harshen da ake ji a gidan, ta masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan ƙasa inda baƙi ke taruwa. Tana kuma iya buga alƙaluma a kowace shekara da za su nuna, makaranta bayan makaranta, yara nawa ne suka shiga aji 6 da maki mai kyau, nawa ne a cikinsu aka koya wa aljabara, nawa ne suka zauna jarrabawar, domin iyayen Bronx su san abin da za su tambayi shugaban gundumarsu a taron da ake yi da su.